Kakanmu yana cikin alhazan da suka rasu a hatsarin jirgin Kano na 1973, za mu iya gina kabarinsu mu rubuta sunaye?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah inada tambaya kuma abun ya fara kawo rigima a gidanmu. Kakanmu wanda ya haifi mahaifiyarmu yana cikin alhazan da suka rasu a jirgin nan da ya faɗi a filin jirgin Kano a 1973 suna dawowa daga Hajji, lokacin Hajiyarmu tana yarinya ƙarama, kuma yadda manya suka bamu labari wuta ta ci su sosai har ba'a iya gane waye wane ba sai haɗa su akayi aka binne da yawa a rami ɗaya. Yanzu waɗanda suka san wajen duk sun ƙare saura ƙanen kakan namu guda ɗaya da ya tsufa sosai, shine muka ɗauke shi a mota ya nuna mana, mun tarar ciyawa ta rufe ko'ina, gefe guda ruwa ya fara cin ƙasar kuma har an yi 'yar hanya ta kai ana wucewa. Toh mu jikoki mun haɗa kuɗi a guruf ɗinmu na WhatsApp munaso mu ɗaga wajen da bulo mu sa tayil, mu kafa babban allo da sunayen waɗanda muka iya samu, sannan duk ranar 22 ga Janairu mu taru a can ayi saukar Alƙur'ani a raba sadaka. Wasu a cikinmu sunce duk bidi'a ce ko zuwa ma bai kamata ba tunda an daɗe, wasu kuma sunce ai shahidai ne dole a girmama su. Sannan Hajiyarmu tana so mu kaita ta gani da idonta, bata taɓa zuwa ba, kuma kullum damuwarta wai ƙila ba'a masa wanka yadda ya kamata ba kuma bata san ko addu'arta tana isa gare shi ba tunda ba'a san takamaimai inda yake kwance ba. Menene hukuncin wannan duka Malam? Allah ya saka da alheri.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan kakanku da duk waɗanda suka tafi tare dashi, ya karɓi Hajjinsu, ku kuma Allah ya baku zuri'ar da zata neme ku da addu'a kamar yadda kuka tashi neman sa bayan sama da shekara 50.

Hatsarin da kake magana akai ɗan'uwa sananne ne. Ranar Litinin ce 22 ga Janairu 1973, cikin Zulhajji na 1392, kwanaki kaɗan bayan babbar sallah. Jirgi ne ƙirar Boeing 707 na kamfanin ƙasar Jodan da Nigeria Airways ta ɗauko haya don kwaso alhazai daga Jidda, Legas ya nufa amma yanayi ya ɓaci a can sai aka juyo dashi Kano, wajen sauka ƙafafunsa suka karye ya kauce daga titi ya kama da wuta. Mutum 202 ne a ciki, 176 suka rasu, 26 ne kawai suka fita da rai, kuma zuwa wannan ranar duniya bata taɓa ganin hatsarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba. Zamanin Gowon ne, Audu Bako yana gwamnan Kano. Samari da yawa yau ko labarin basu taɓa ji ba, kuma wannan kaɗai ya isa in gaya maka tun farko cewa niyyarku ta kada a manta da waɗannan bayin Allah niyya ce mai kyau, ba zan kushe ta ba. Abin da za mu duba shine hanyar, domin abubuwan da ka lissafo ba hukuncinsu ɗaya ba, akwai wanda sunna ce, akwai wanda ya halatta saboda buƙata, akwai wanda zan ce ku bari.

Bari in fara da damuwar Hajiya don ita tafi taɓa ni. Ka gaya mata ta kwantar da hankalinta. Mahaifinta ya fito daga Arfa da Muzdalifa da ɗawafi, ko gida bai kai ba Allah ya karɓi ransa, alhali Annabi (SAW) yace wanda yayi Hajji bai yi batsa ba bai yi fasiƙanci ba zai dawo kamar ranar da mahaifiyarsa ta haife shi, kuma Hajji mabrur, wato karɓaɓɓe, bashi da sakamako sai Aljanna. Sannan ga hadisin Jabir bin Atik da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Abu Dawud da Nasa'i ma sun kawo, inda Annabi (SAW) ya lissafa shahidai bakwai banda wanda aka kashe a fagen fama, a ciki akwai wanda ya nutse a ruwa, da wanda gini ya rufta masa, da wanda wuta ta ƙone. Toh kaga muna musu kyakkyawan zato ta fuska biyu. Sai dai fata muke yi, bama yanke hukunci akan wani mutum da sunansa muce wane shahidi ne tabbas, Imam Bukhari babi guda ya ƙulla akan haka, don Allah kaɗai ya san abin da ke zuciyar kowa. Kuma irin wannan shahadar ta lahira ce, a duniya ana musu wanka da likkafani da sallah kamar kowane mamaci, in jiki ya ƙone yadda cuɗawa zata sa ya saɓule sai a kwarara ruwa kawai, in hakan ma bazai yiwu ba sai a yi masa taimama. Mutanen da suka tsaya akan gawawwaki 176 a rana guda sun yi iya abin da zasu iya, Allah baya ɗora wa rai sai abin da zata iya, kuma ko da ace an gaza wani abu a wankan toh ba laifin mamaci bane, ba'a rage masa komai. Babu kuma buƙatar sake musu sallar jana'iza yanzu.

Haɗa su a rami ɗaya ma ba wulaƙanci bane, kuma ba sabon abu bane. Ranar Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira an kashe sahabbai kusan 70, waɗanda suka rage sun ji raunuka sun gaji, suka kai kuka cewa haƙa kabari ga kowa ya musu nauyi, Annabi (SAW) yace ku haƙa ku faɗaɗa ku zurfafa ku binne biyu da uku a kabari ɗaya, yana tambaya wane ne yafi haddar Alƙur'ani a sa shi gaba. Waɗannan sune mafi alherin al'umma. Ita kuwa addu'a bata bin adireshi, Allah da kansa yace a suratu Ƙaf lalle mun san abin da ƙasa take ragewa daga jikinsu kuma a wurinmu akwai littafi mai kiyayewa. In Hajiya ta ɗaga hannu a ɗakinta tace ya Allah ka jiƙan Babana, wallahi wanda take roƙo ya san inda kowane ƙashi nasa yake, ko tana Kano ko tana Yamai duk ɗaya ne.

Sai 'yan'uwanku da suka ce ko zuwa bai kamata ba tunda an daɗe, wannan kam sun yi kuskure. Annabi (SAW) yace na kasance na hana ku ziyarar ƙaburbura toh ku ziyarce su, Muslim ya ruwaito daga Buraida, a wata ruwayar aka ƙara da cewa tana tunatar da lahira, kuma bai ce sai sabon kabari ba. Shi da kansa ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa wacce ta rasu yana ɗan shekara 6, yayi kuka har ya sa na kusa dashi kuka, ka lissafa shekarun da ke tsakani. Bukhari kuma ya kawo daga Uƙba bin Amir cewa bayan shekara 8 da Uhudu, dab da wafatinsa, Annabi (SAW) ya fita yayi wa waɗanda aka kashe a Uhudu addu'a kamar mai bankwana da rayayyu da matattu. Saboda haka ku je, ku kai 'ya'yanku maza su gani, ku tsaya kuyi sallamar da aka koyar, assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimin, wa inna in sha Allahu bikum lalahiƙun, as'alullaha lana wa lakumul afiya, ku roƙa musu gafara dukkansu ba kakanku kaɗai ba, don akwai da yawa a ramin nan da ƙila yau babu mai ambaton sunansu a duniya. Abin da ba'a yi shine roƙon mamaci, ko shafar ƙasar kabari, ko ɗibar ta a kai gida wai ƙasar shahidai, ko yin sallah ana fuskantar wajen. Ku kuke da abin basu, su jira suke.

Yanzu ga inda maganar take da ɗan tsawo, wato alama da rubutu da gini, abu uku ne mutane suke cakuɗa su.

Alama sunna ce. Lokacin da Usman bin Maz'un ya rasu aka binne shi a Baƙi'a, makabartar Madina, Annabi (SAW) ya sa wani ya ɗauko dutse ya kasa ɗagawa, sai ya naɗe hannun rigarsa ya ɗauko da kansa ya ajiye wajen kan, yace don in gane kabarin ɗan'uwana da shi kuma in binne wanda ya rasu daga iyalina kusa dashi, Abu Dawud ya ruwaito. Toh duk wanda yace maka sa alama a kabari bidi'a ce ka karanta masa wannan. Ku da wajen ya kusa ɓacewa kuma mutum ɗaya ne tak ya rage da ya sani, ni a ganina alamar a wajenku ta wuce halal kawai, abu ne da ya kamata ku gaggauta tun tsohon nan yana da rai, ku sa manyan duwatsu a kusurwoyin yadda kowa zai gane nan kabari ne ba fili ba.

Gini kuwa hani ya zo akansa ƙarara. Muslim ya kawo daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya hana a shafe kabari da farar ƙasa, da a zauna akansa, da a yi gini akansa. Sayyidina Ali kuma ya aiki Abul Hayyaj da irin aiken da Annabi (SAW) yayi wa shi Ali, cewa kada ya bar kabari mai tudu sai ya daidaita shi. Littattafan da muka taso muna karantawa a zaure ma haka suka ce, mai Risala yace an karhanta gini akan ƙaburbura da shafe su, Shehu Khalil a Mukhtasar ya lissafa yaɓe kabari da shafe shi da farar ƙasa da gini akansa da kewaye shi cikin makaruhai, yace in don alfahari akayi toh ya haramta, sannan yace ya halatta don bambancewa kamar dutse ko itace ba tare da zana rubutu a jiki ba. Masu sharhi suka ƙara da cewa in makabartar ta jama'a ce, wato hubusi (waƙafi) ce ga musulmi duka, gini a cikinta haramun ne don an tare wa wasu wuri. Imam Shafi'i yace ya ga shugabanni a Makka suna rushe abin da aka gina akan ƙaburbura kuma bai ga malamai suna aibata hakan ba. Kaga ba maganar Izala ko ɗariƙa bace, tun kafin a haifi waɗannan sunaye ake faɗinta. Don haka ɗaga wajen da bulo a sa tayil yayi ƙyalli, wannan ku bar shi. Shahadar da muke musu fata bata canza hukuncin, kabarin Sayyidina Hamza ma yana nan a gindin Uhudu duk alhajin da ya je ya gani, ƙasa ce da duwatsu a cikin katanga.

Amma fa kada wani ya fake da wannan ya ce toh a bar wajen haka, nan ne nake saɓawa da masu cewa komai bidi'a. Tare ruwa kada ya tone gawa ba ginin da aka hana bane, kare alfarmar mamaci ne, Annabi (SAW) yace karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, yace kuma ɗayanku ya zauna akan garwashi ya ƙone tufarsa har ya kai ga fatarsa yafi masa alheri da ya zauna akan kabari. Khalil ɗin nan dai shine yace kabari hubusi ne ba'a tafiya akansa ba'a tone shi matuƙar mai shi yana ciki. Toh ku da kuka ga an yi hanya ta kansu ruwa kuma yana cin gefe, cike ramin da ƙasa, da jera duwatsu ko 'yar gajeriyar dakali ta gefen da ruwan yake bi iya abin da zai tare shi, da yi wa ruwan kwata ya canza hanya, da toshe hanyar da ake bi ta kai, da share ciyawa, duk wannan aiki ne na lada. Ciyawar ma a nome ta da fartanya ko lauje, kada a cinna mata wuta kamar yadda wasu ke yi da kaka. In katangar makabartar ce ta zube kuka gyara ta gaba ɗaya wannan yafi komai, don kun suturta dubban mutane. Sai dai kada ku ɗauko lebura ku fara aiki da kanku kawai, ku fara zama da kwamitin makabartar da mai unguwa da masu haƙar kabari na wajen, su suka san inda wani kabarin ya tsaya wani ya fara, kada garin gyaran na kakanku ku haƙo na wani.

In kuma ruwan ya riga yayi ɓarna har ƙasusuwa sun fara fitowa kuma babu yadda za'a tare, ya halatta a kwashe a mayar wuri mai tsaro cikin mutunci da izinin hukuma. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa ambaliya ta tone kabarin Amru bin Jamuh da Abdullahi bin Amru, su biyun an binne su tare ranar Uhudu, aka tono su don a canza musu wuri aka same su basu canza ba kamar jiya suka rasu, tsakanin Uhudu da ranar shekara 46. Amma wannan sai larura ta tabbata, ba don a ware kakanku daban ba, tono don a nemo wane ne wane bayan shekara 50 keta alfarmar sauran ne.

Rubutu shine wanda malamai suka fi saɓani akai. A ruwayar Tirmizi da Nasa'i ta hadisin Jabir akwai ƙarin hani akan yin rubutu a kabari. Imam Hakim bayan ya inganta shi sai yace ba'a aiki da wannan domin shugabannin musulmi gabas da yamma an rubuta a ƙaburburansu, Imam Zahabi ya mayar masa da cewa bamu san wani sahabi da ya aikata ba, abu ne da ya faru daga baya. Malikiyya sun karhanta, kamar yadda ka gani a maganar Khalil. Hanafiyya sunce in an buƙaci rubutun don kada wajen ya ɓace a wulaƙanta shi babu laifi. A malaman wannan zamani Shaikh Bin Baz ya hana ko da suna ne, Shaikh Uthaimin kuma yana ganin wanda aka hana shine rubutun yabo da kambamawa irin na jahiliyya, amma rubuta suna iya gwargwadon a gane babu laifi. Ni abin da na natsu dashi a mas'alarku shine, ƙaramin allo a gefe, mara ado, da zai ce nan ne aka binne alhazan da suka rasu a hatsarin jirgi na 1973, don mutane su daina takawa kuma kada gobe a haƙa sabon kabari akai ko wani ya yanka wajen ya sayar, wannan buƙata ce ta gaske kuma ina ganin ya halatta. Kada a rubuta ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a jiki domin allon zai faɗi wata rana, awaki su taka, ruwa ya tafi dashi cikin kwata. Kada a rubuta shahidai, kada a rubuta kirari, kada kuma a rubuta wai iyalan wane ne suka ɗauki nauyi. Babban allo mai jerin sunaye kuwa bana baku shawararsa a kan kabarin, na farko ya wuce gwargwadon buƙata, na biyu ku da kanku kun ce ba'a gane gawawwakin ba, toh ta yaya zaku tabbatar wane yana wannan ramin ba wancan ba, sai ku rubuta abin da baku da yaƙini akai.

Sunayen suna da wurin da yafi dutse. Yau in kaje Baƙi'a babu suna ko ɗaya a rubuce, amma mun san waɗanda aka kashe a Uhudu ɗaya bayan ɗaya da ƙabilar kowa, saboda malaman sira sun zauna sun rubuta su a littafi, shekara sama da 1,400 sunayen basu goge ba. Wannan shine aikin da nake so ku jikoki kuyi kuma babu malamin da zai ce muku bidi'a ne. Ku zauna da ƙanen kakanku tun yau, ku kunna waya ku naɗi muryarsa, ya faɗi yadda labarin ya iso gida, su waye suka yi rakiya, su waye abokan tafiyarsa daga garinku, a ina aka yi sallah. Ku nemi sauran iyalan da abin ya shafa ku haɗa sunaye da garuruwa, ku buga a takarda ku ajiye a gida ku ba kwamitin makabarta kwafi su sa a rijistarsu, in basu da rijista ku saya musu. Wallahi abin yana min ciwo, muna da makabartu cike da iyayenmu amma da wuya ka samu littafi guda da zai nuna maka wa aka binne a ina, mai gadi ɗaya ne yake riƙe da komai a kansa, ranar da ya rasu shikenan. Kuma ba 1973 kaɗai ba, ga alhazan da suka taso daga Jidda zasu Sakkwato ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin ya faɗi mutum 261 babu wanda ya tsira, ga na Gwammaja ranar 4 ga Mayu 2002 da jirgi ya faɗa kan gidajen mutane, ga tankar man da ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 aka binne mutane rututu, banda jiragen ruwa da suke kifewa da fasinja kusan duk damina. Mutanen Majiya da irinsu in basu rubuta nasu yanzu ba, jikokinsu ma haka zasu zo suna neman tsoho ɗaya da zai nuna musu waje.

Taron 22 ga Janairu duk shekara a makabarta, shi kam bana ganin ku yi shi. Ziyara ibada ce da aka bar ta a buɗe, in ka ɗaure ta da rana guda da tsari guda ana maimaitawa duk shekara ka mayar da ita idi, alhali Annabi (SAW) akan nasa kabarin ma cewa yayi kada ku mayar da kabarina idi. Sahabbai sun fi mu son Hamza da Mus'ab bin Umair kuma sun san ranar da aka kashe su, bamu samu suna taruwa a Uhudu duk Shawwal ba. Kuma kai ma ka san halinmu, bana ku 20 ne da niyya mai kyau, nan da 'yan shekaru sai an kafa rumfa an kawo lasifika da kujeru ana taka ƙaburburan wasu, wanda bai zo ba a ce baya ƙaunar kaka. Karatun Alƙur'ani a kan kabari Imam Malik ya karhanta shi. Shi kuwa mutum ya karanta a gida ya roƙi Allah ya kai ladan ga mamaci, Hanafiyya da Hanbaliyya da wasu daga Malikiyya na baya suna ganin yana isa, wasu suna ganin baya isa, saɓani ne tsoho, wanda ya yi a cikinku kada a ce masa ɗan bidi'a wanda ya bari kada a ce baya son kakansa. In ranar ta zagayo zuciya ta tuna, ka sa a guruf cewa yau shekara kaza da rasuwar su kaka a sa su a addu'a, ko ka zaunar da yara ka basu tarihin, wannan tunawa ce ta ɗan adam ba ibada aka ƙirƙira ba, ban ga laifinsa ba.

Kuɗin da kuka haɗa, bayan an tare ruwa an sa alama, ragowar ku yi abin da babu saɓani yana isa. Wani mutum ya zo wajen Annabi (SAW) yace mahaifiyata ta rasu farat ɗaya kuma ina zaton da ta samu damar magana da tayi sadaka, shin tana da lada in nayi mata? Yace eh. Bukhari da Muslim suka kawo daga Nana A'isha, kuma ka lura mutuwar fuju'a ce irin ta kakanku wanda bai samu yin wasiyya ba. Sa'ad bin Ubada ya tambayi wace sadaka tafi aka ce masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya yace ta mahaifiyar Sa'ad ce. Kuɗin tayil ɗin nan zai iya zama rijiya ko famfo a makabartar, masu haƙa suna wahalar ruwan kwaɓa ƙasa sosai musamman da rani, ko ku sayi diga da shebur da makara da likkafani a ajiye don marasa hali. Ku bincika kuma ko ya bar bashi da ba'a biya ba, ko gadonsa akwai wanda aka danne, wannan yafi damun mamaci akan ciyawar da ke kansa. Sannan ga ƙanensa a raye, ga 'ya'yan abokansa, Annabi (SAW) yace yana daga mafi girman biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa bayan ya tafi, shi ma yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija shekaru bayan rasuwarta. Zumunta a ƙafa take, kada sai ranar da kuke buƙatar a nuna muku kabari ku tuna da tsohon nan.

Zuwan Hajiya kuma, na san a ƙasarmu ba'a saba mata su shiga makabarta ba kuma akwai malaman da suka hana saboda hadisin tsinuwa ga mata masu yawan ziyarar ƙaburbura, ina girmama wannan fahimtar. Amma Nana A'isha ta tambayi Annabi (SAW) me zata ce in ta ziyarci ƙaburbura sai ya koya mata addu'ar bai hana ta ba, kuma ta ziyarci kabarin ɗan'uwanta Abdurrahman, sannan ya wuce wata mata tana kuka a bakin kabari yace mata ta ji tsoron Allah tayi haƙuri bai ce mata me ya kawo ki ba. Dattijuwa da zata je sau ɗaya ko jefi-jefi, cikin sutura, tare da 'ya'yanta, babu kururuwa babu faɗuwa ƙasa, ina tare da masu halattawa. Hawaye ba komai bane. Ku zaɓi lokacin da babu jana'iza, ku sanar da masu kula da wajen tukuna, in dokarsu bata barin mata su shiga kada kuyi jayayya dasu, ku tsaya da ita ta bakin katanga daidai wajen tayi sallama tayi addu'arta ya wadatar. In kuma kun san tana da hawan jini ko zuciyarta bazata ɗauka ba, ku fara gyara wajen tukuna kafin ku kaita, kada ta tarar da hanya ta bi ta kan mahaifinta.

Allah ne mafi sani.